Daji na Allah ne, to wannan rasit ɗin na wane ne?

Tambaya: Wani bawan Allah mai sarin gawayi a Mile 12 ya rubuto yana cewa: "Malam, motar gawayina daga wajen Saki take tasowa. Kafin ta sauke a Legas na yanki rasit kala-kala, amma duk da haka wani lokaci sai a tsare ta a ce ba ni da takardar daji. Ga maƙwabcina kuma a Agege ya sare bishiyar ƙofar shagonsa don saiwarta ta fasa masa daɓe, jami'ai suka zo suka ci shi tara. Shin daji ba na Allah ba ne? Wa ya mallaka wa gwamnati, kuma kuɗin da muke biya ina yake zuwa?"

Amsa: Alhaji, Allah ya yi wa kasuwa albarka. Na ci abinci da aikin gandun daji har na yi ritaya, don haka zan faɗa maka abin da doka ta ce, in kuma faɗa maka abin da ake yi, domin ba ɗaya ba ne.

Daji na Allah ne, babu musu. Hadisi ya zo cewa Musulmi sun yi tarayya a abu uku: ruwa da ciyawa da wuta. Amma Manzon Allah (SAW) da kansa ya keɓe wurin da ake kira Naƙi'u a yankin Madina domin dawakan Musulmi, Sayyadina Umar kuma ya keɓe Rabaza domin dabbobin zakka. A ƙasar Hausa ma tun kafin Bature akwai hurumi, akwai burtali, akwai Sarkin Dawa, kuma ba wanda zai saɓi gatari ya nufi ɗorawar gonar wani bai sha tambaya ba. Shugaba ya ce "nan ba a sara" ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Inda magana take shi ne abin da ya yi da wurin bayan ya hana mutane.

A dokar Najeriya ba gwamnati ɗaya ce ke riƙe da daji ba, kuma daga nan ruɗanin rasit ya samo asali. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta a matsayin amana. Tsarin mulkin 1999 kuma bai sa harkar gandun daji a jerin ayyukan Tarayya ba, saboda haka ta zama ta jihohi. Bishiyar da aka sara a Saki ta gwamnatin Oyo ce ta yi magana a kanta, ta Kaiama ta Kwara ce, ta Mokwa ta Neja ce, kowa da dokarsa da farashinsa. Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya tana rubuta manufa, ta fitar da ɗaya a 2006 ta sabunta a 2020, amma ba ita ke yanka maka takardar sara ba. Abin da Abuja ta riƙe da hannunta uku ne: gandayen namun daji na ƙasa, duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa ko ruwa kamar yadda sashe na 44(3) ya tanada, sai kuma ƙofar fita waje, wato tashar jiragen ruwa da kwastan.

Ga mai gawayi, dajin kashi uku ne, kuma ya kamata ka san daga wanne kayanka suka fito. Na farko gandun namun daji na ƙasa. A can ba sara, ba kiwo, ba farauta, ba shiga ma sai da izini, kuma babu jami'in jiha ko ƙaramar hukuma ko mai gari da ke da ikon halatta maka. Wannan ya shafe ka kai tsaye, domin gandun Old Oyo, mai faɗin murabba'in kilomita kusan 2,500, yana kwance ne a tsakiyar yankin da ake toya gawayin da ke zuwa Legas, wajen Sepeteri da Igboho da Igbeti. Shi da Kainji da Kamuku da Gashaka-Gumti da Okomu da Kuros Riba da na yankin Tafkin Cadi su ne tsofaffin bakwai. Yankari ta taɓa zama cikinsu, aka mayar wa Bauchi a 2006, sannan a 2020 aka amince da ƙarin goma, har da Falgore da Kogo da fadamun Haɗeja. Na biyu gandun daji na jiha, wanda aka shata masa iyaka aka buga a jaridar gwamnati. Nan ana sara, amma sai wanda aka ba izini, a wurin da aka nuna masa, irin bishiyar da aka rubuta masa. Na uku dajin da ba a keɓe ba, gonaki da saura da dajin gari. Mutane suna ɗauka nan kowa ya ga dama ya sara da zarar mai gari ya yarda. Ba haka ba ne. Yardar mai gari ta ba ka shiga ƙasarsa ne kawai. Bishiyoyin da doka ta lissafa, ko a gonar mutum suke, sai an biya an karɓi takarda daga sashen gandun daji.

Yanzu ga tambayarka mai zafi, ta inda kuɗin ke zuwa. Sai na ɗan koma baya, in ba haka ba ba za ka ga abin da ya ɓace ba.

Turawan mulkin mallaka ne suka kawo gandun daji irin na takarda da taswira. Sun yi doka a 1901, suka sake ta a 1916, kuma Olokemeji da ke tsakanin Ibadan da Abeokuta yana cikin gandayen farko. Burinsu a keɓe rubu'in ƙasar, amma abin da aka iya kaiwa bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. Ba don Allah suka yi ba, katako suke so ya ɗore musu, kuma garuruwa da yawa sun yi kukan an ƙwace musu ƙasar gado. Sai dai tsarin da suka bari yana da lissafi. Ana raba gandu gida-gida, a shiga a ƙirga bishiyoyi, a auna kaurinsu, a rubuta a littafi. A manyan dazuzzukan kudu an tsara cewa gidan da aka sara bana ba za a komo masa ba sai bayan shekara 100, lokacin da ƙananan da aka bari sun ƙosa. Bishiyar da kaurinta bai kai ma'auni ba ba a taɓa ta. Kowane gungume malamin daji zai buga masa guduma mai lamba, a kututturen ma ya buga, ta yadda in ka ga gungume a kan mota za ka iya bin sawunsa har inda aka kayar da shi. Kuma a cikin kuɗin da mai katako ya biya akwai kason da aka ware domin reno da dashe da share iyaka.

Abin da ya faru daga baya shi ne aka riƙe karɓar kuɗin aka saki lissafin. Shekara 100 ta koma 50, daga baya ta koma 25, a wurare da dama ma aka daina maganar zagaye gaba ɗaya. Da aka yi ta ƙirƙiro jihohi, kowace sabuwar jiha tana neman albashi, sai daji ya zama wurin da ya fi sauƙin tatsa. A wata jiha da na yi aiki, farkon shekara ake aiko mana da adadin kuɗin da ake so sashenmu ya tara. Ba a taɓa aiko mana da adadin bishiyar da ake so mu raya ba. Jami'in da ya hana sara don daji ya huta, shi ne za a ce bai iya aiki ba. Kuɗin da ya shigo kuma asusun jiha na bai-ɗaya yake faɗawa, ya gauraya da harajin mota da na kasuwa, sannan sashen gandun daji ya koma yana roƙon kuɗin man babur a kasafi. Kai ɗan kasuwa ne, ka san mai shagon da ke cin uwar kuɗi yana kiranta riba. To haka yawancin jihohi suka yi da dazuzzukansu. Ga kuma gwamna, wanda doka ta ba shi ikon keɓewa, ita ta ba shi ikon warwarewa, sai ka wayi gari an yanki gefen gandu an ba wani kamfani ko an yi filaye.

Har dabarar da aka kawo don dashe ta juye. Akwai tsarin da ake ba manomi fili a cikin gandu ya noma shekara biyu ko uku, da sharaɗin ya dasa bishiya a tsakanin shukarsa, in inuwa ta rufe ya matsa gaba. Da sa ido ya yi rauni, sai manomi ya dasa koko maimakon bishiyar gwamnati, ya gina bukka, bukka ta zama ƙauye. Je ka gandun Omo a jihar Ogun, 'yan sa'o'i kaɗan daga Legas, hekta kusan 130,000, wanda UNESCO, hukumar ilimi da kimiyya ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cikin wuraren da take kulawa da su tun 1977, kuma har yau akwai sauran giwaye a ciki. Gonakin koko sun ci shi ta ciki. Malainar da aka dasa da yawa a yankin domin masana'antar takarda ta Iwopin, masana'antar ba ta yi ƙarko ba, itacen ya koma hannun masu yankan katako.

Bishiyar madobiya ta nuna ƙarshen wannan hali. A shekarun baya 'yan kasuwar Sin suka buɗe mata baki, aka bi Kogi da Taraba da Adamawa ana kayarwa ana lodawa a kwantena, akasari ta tashoshin Legas take fita. Jihohi suna yankar rasit, kowa yana murna da kuɗin shiga, babu wanda ya ƙirga abin da ya rage a tsaye. Sai da yarjejeniyar CITES ta duniya, mai sa ido kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, ta sa bishiyar cikin jerin waɗanda ake taƙaita cinikinsu daga 2017, sannan a 2018 aka dakatar da cinikinta daga Najeriya. Daga waje aka taka birkin.

Kada ka ce na ɗora wa gwamnati laifi duka na wanke mu. Murhun ƙasa irin wanda ake toya gawayi da shi a Oke-Ogun, yankin su Saki a jihar Oyo, kilo biyar zuwa goma na itace yake ci kafin ya ba da kilo ɗaya. Kuma mai suya a Obalende da mai gasa masara a Idi-Araba ba gawayin malaina suke so ba, sun ce yana saurin zama toka. Kirya suke nema da marke da kaɗanya, masu nauyi, masu riƙe wuta. Su ne kuwa bishiyoyin da ke daɗewa ba su girma ba. Kaɗanya takan shekara goma sha biyar ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, matan ƙauye su ci moriyarta har jikoki, mu kuma mu mayar da ita buhu uku a yini ɗaya. Tun da aka janye tallafin kananzir a 2016, gas kuma ya yi ta hawa, gidaje da yawa a Legas sun koma wa gawayi. Mutum ba zai ci ɗanyen abinci don ya ceci daji ba, kuma duk gwamnatin da ta hana gawayi ba ta sauƙaƙa gas ba, farashin cin hanci kawai ta ƙara a hanya. An sha hana fitar da shi waje, a ɗage, a sake hanawa. Abin da ba a yi da gaske ba shi ne a ware fili a dasa itace mai saurin girma musamman domin gawayi, a koya wa masu toyi murhun da ba ya asarar itace. Wannan aiki ne da kason kuɗin rasit ɗinka zai iya yi.

Rasit ɗin da ke hannunka kuwa, zauna ka baje su. Za ka tarar wasu na ƙungiyar masu gawayi ne, wasu na ƙungiyar direbobi, wasu na ƙaramar hukuma, wasu na lodi da sauke, wasu kuma na wanda ya gindaya itace ne a hanya ya buga takarda a gari. Ko ɗaya a cikinsu ba izinin daji ba ne. Shi ya sa za ka biya sau goma a kuma tsare ka, kuma mai tsarewar yana da gaskiya a doka ko da niyyarsa ba ta gaskiya ba ce. Takardar da ke kare ka ita ce wadda sashen gandun daji na jihar da aka toya gawayin ya bayar, mai nuna inda kayan suka fito da yawansu da lambar mota da kwanan wata, kuɗinta kuma ya shiga asusun gwamnati ba aljihun mutum ba. In dillalinka na can ya ce "an gama da su", ce masa ya turo hoton takardar kafin mota ta tashi. In kuma farashi ya yi arha fiye da kima, tambayi dajin, domin kayan da aka toya a cikin gandun ƙasa babu rasit ɗin da ke wanke su, kuma mota da kaya duka ana iya riƙewa.

Mu dawo Legas. Ita ce jiha mafi ƙanƙanta a faɗin ƙasa, murabba'in kilomita 3,577, wajen kashi ɗaya cikin biyar kuma ruwa ne. Dajinta na katako ya ƙare tuntuni, dazuzzukan wasu take ci. Duk wanda ya hau gadar Third Mainland ya leƙa wajen Ebute Metta ya san gungumen da aka daɗe ana jerawa a ruwa a Oko Baba, ana jawo su ta ruwa daga Ondo da Edo da Delta, kasuwar da gwamnati ta gina wa sabon mazauni a Agbowa-Ikosi. Jihar da ba ta da daji, bishiyar bakin titi ita ce dajinta, shi ya sa take tsananta mata. An sa 14 ga Yuli ranar dashen bishiya, a 2011 kuma aka yi dokar da ta kafa hukumar LASPARK mai kula da lambuna da bishiyoyin gari. Ita ke riƙe da wuraren shaƙatawa irin su Ndubuisi Kanu da JJT a Alausa da Muri Okunola a Victoria Island. A nan zan yaba: wanda ya san Oshodi da ƙarƙashin gadojin Legas kafin 2008 ya san an yi aiki. Amma ka lura da abu ɗaya. Ɗan dajin asali da ya tsira a Lekki, hekta 78 da birai da kadoji, ba ma'aikatar gwamnati ce ta tsare shi ba. Gidauniyar kare muhalli ta NCF ce, mai zaman kanta, ta kafa shi a 1990, ta kewaye shi, gidaje suka zo suka zagaye shi ta kowane gefe.

Abin da Legas ta fi yin sakaci da shi yana bayan kasuwarku. Fadamun bakin kogin Ogun, daga Isheri zuwa Agboyi da Majidun, da itatuwan nan masu tsayawa kan saiwoyinsu a cikin ruwa, su ne wurin da ambaliya ke kwanciya ta huce. An cike su da yashi da bola an yi gini. Don haka duk lokacin da aka saki ruwan madatsar Oyan, wadda hukumar Tarayya ke kula da ita a jihar Ogun, sai Owode da Ajegunle ta hanyar Ikorodu da gefen Mile 12 su sha, kamar yadda aka gani a 2010 da 2019. Madatsa ta Tarayya, fili na gwamna, mai sayar da filin ɗan gari, mai kwashe kaya a kwalekwale kuma talaka. Yashin da ake cikon da shi ma rigima ce: doka ta ɗauke shi ma'adini, wato na Tarayya, Legas kuma ta kafa hukumarta ta ruwa, LASWA, a 2008, masu jiragen ruwa da masu haƙar yashi suka koka ana karɓa a hannunsu sau biyu. Shari'a ta kai Kotun Ƙoli, a Janairun 2024 ta ce ikon hanyoyin ruwa na Tarayya ne ta hannun hukumarta mai kula da su, NIWA. Shekarun da aka ɗauka ana jayayyar wa zai karɓi kuɗi, injinan haƙa ba su tsaya ba ko na yini ɗaya.

Mu 'yan Arewa ba ma buƙatar a ba mu labarin abin da ke faruwa in hukuma ta janye daga daji. Sambisa gandun namun daji ne kafin ya zama abin da ya zama. Rugu da Kamuku da Falgore duk wurare ne masu iyaka da taswira da ma'aikata. Da malamin daji ya rasa babur da albashi ya koma gari, wasu suka shiga. Wannan tsoron ne ya sa a Janairun 2021 gwamnan Ondo na lokacin, Rotimi Akeredolu, ya ba makiyaya kwana bakwai su fita daga gandayen jihar in ba su yi rajista ba, a Satumban shekarar kuma Legas ta yi dokar hana kiwon sake. Ko me mutum ke gani game da yadda aka yi abin, a doka gandun jiha ba makiyaya ba ce, kuma 'yan'uwanmu masu shanu da masu itace su san haka kafin su shiga. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince a ɗauki dakarun tsaron daji masu makami. Ana buƙatarsu, amma mai bindiga ɓarawo yake kora, ba ya ƙirga bishiya, ba ya renon iri.

Maganar maƙwabcinka kuma, tarar tana kan doka. Bishiyar da ke tsakanin shago da kwalta a filin gwamnati take, ko da shi ya dasa ta da hannunsa, kuma a Legas ko rassa za ka rage ana so ka nemi izinin LASPARK. Yadda ake yi shi ne a rubuta musu, a haɗa da hoton ɓarnar da saiwar ke yi, su turo jami'i ya duba. Sau da yawa datse saiwar gefe ɗaya ko rage rassa yana wadatarwa. In sun yarda a sare, akwai kuɗin da za a biya, kuma ƙa'idarsu ita ce a dasa biyar a madadin ɗaya. In shagon haya ne, mai gida ya kamata ya nemi izinin da sunansa, kada ya ce wa ɗan haya "sare kawai" ya bar shi da jami'ai. Tunda aikin gama ya gama, ya je ofishinsu da kansa da takardar da aka ba shi, ya tabbatar daga gare su ta fito, ya biya ta banki ya riƙe shaida. In waɗanda suka zo ba su bar takarda ba, kuɗi kawai suka karɓa a hannu, to ya sani har yanzu ba a rufe maganar ba, wasu na iya dawowa gobe.